Yadda Ake Tsara Zangon Tarurrukan Ƙungiyar Mata a Sakkwato, Daga Tsayar da Rana Har Sallamar Baƙuwa

Shekarar da aka ɗora mini sakatariyar ƙungiyarmu ta matan unguwa, a nan gefen Mabera, na ɗauka aikin bai wuce nemo manyan mata su zo su yi mana jawabi ba. Baƙuwata ta farko babbar ma'aikaciya ce, digiri kan digiri. Muka yi hayar kujeru sittin, muka kafa rumfa, muka soya kaji. An ce ƙarfe huɗu, ba ta iso ba sai shida saura kwata. Ta karanta takarda shafi shida, rabi da Turanci, a kan matsayin mace wajen ci gaban ƙasa. Aka tafa, aka kira Magariba, kowa ta nemi takalminta. A bakin ƙofa wata dattijuwa da duk muke kira Inna ta riƙo gefen mayafina ta ce, “Ɗiyata, yanzu in na koma gida anka tambaye ni mi munka koyo, mi za ni cewa?”

Ban sami amsa ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, daga wannan tambayar ta Inna ya fito.

Abin kunyar ma, a garin Nana Asma'u muka yi wannan shirme. 'Yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta riga ta nuna mana hanya da tsarinta na 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, jajin ta jagoranci mata daga ƙauye su zo su ɗauki karatu cikin waƙoƙin da ake iya haddacewa, su koma su koyar da waɗanda ba su sami zuwa ba. Ba a zuwa don kallon malama. Ana zuwa ne a ɗauki abin da za a kai gida. To haka ya kamata a auna kowane zama na ƙungiya.

Mataki na farko: a fara da kwano, ba da sunayen manya ba

Kafin ku ambaci sunan baƙuwa ko ɗaya, ku kira zama na 'yan ƙungiya zalla. A ajiye kwano mai murfi a tsakiya, a raba ƙananan takardu, kowace mace ta rubuta abu ɗaya da ke hana ta barci, ko abin da ta daɗe tana son tambaya ta rasa wa za ta tambaya. Ba a sa suna. Mai boko ta yi da boko, mai ajami ta yi da ajami. Waɗanda ba su rubutu, a zaunar da 'yan mata biyu masu riƙon amana a ɗaki, a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya ana faɗa musu. Kada ku ce kowa ta miƙe ta faɗi nata a fili, musamman in akwai kishiyoyi ko suruka da matar ɗa a wurin. Abin da za ku ji kawai shi ne “a taimaka mana da jari”.

Da muka buɗe namu kwanon, ni da shugaba da ma'ajiya, jikinmu ya yi sanyi. Wata tana tambaya ko tana da haƙƙi a gidan da mijinta ya rasu ya bari. Wata ɗanta ya fara shaye-shaye, ba ta san inda za ta nufa ba. Uku sun yi maganar jiri da ciwon kai da ba ya jin magani. Wata cewa ta yi kullum tana dama fura tana sayarwa, amma ba ta taɓa sanin ko riba take ci ko uwar kuɗin ba. Babu wadda ta tambayi matsayin mace wajen ci gaban ƙasa.

Ku baje takardun a tabarma, ku haɗa masu kama da juna wuri ɗaya. Tulin da ya fi yawa shi ne darasin farko. Ku fitar da batutuwa huɗu ko biyar, kada su wuce haka. Sauran takardun a ɗaure su da roba a ajiye, zango na gaba yana nan tafe.

Mataki na biyu: kalanda, kuma da gogewa ake farawa

Ku nemo kalandar bango mai ɗauke da watannin Musulunci da na Bature tare. Aikin farko ba zaɓen ranaku ba ne, soke ranakun da ba za su yiwu ba ne.

Ku soke watan azumi gaba ɗaya. Mace da ke tsaye kan buɗa baki tun La'asar, da safe kuma tana wajen tafsiri, ba ta da sararin taronku. Ku tuna azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara: a 2024 an ɗauka ranar 11 ga Maris, a 2025 kuma 1 ga Maris. Saboda haka jadawalin bara ba zai yi muku aikin bana ba. Sannan kada ku sa zama a kwana biyun da ke kusa da ganin wata, tunda sai fadar Sarkin Musulmi ta yi sanarwa ake sanin inda aka kwana. Ku soke makon ƙaramar Sallah da na babba, da makonni biyun ƙarshen Sha'aban, lokacin da kowa ke rige-rigen aurar da 'ya kafin azumi. Makon komawar yara makaranta ma ku bar shi, hankali da aljihu duk suna can.

Sai yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, kuma ƙarfe huɗu na yamma kujerar roba ma ƙuna take yi. A Agusta hadari na iya tasowa ana tsakiyar jawabi, lunguna su cika da ruwa, mai zuwa daga Gagi ko Dambuwa ta maƙale. Abin da ya rage mai daɗi shi ne daga Oktoba zuwa Fabrairu. Nan ne zangonku. Akwai hazo da sanyi a Disamba da Janairu, amma gara a zo da rigar sanyi da a zo da mafici.

A wata huɗu zuwa biyar ɗin nan, zama takwas ya isa, mako biyu-biyu. Shawarata, wadda na san wasu ba za su so ba: kada kowane zama ya kasance da baƙuwa. Ku yi ɗaya da baƙuwa, na gaba ku kaɗai, ku maimaita abin da aka koya, ku gwada da hannu, ku ji wa ta aikata wa ta kasa. Baƙi huɗu da aka narkar da maganarsu sun fi takwas da aka tafa wa aka manta.

Game da rana, Juma'a da Asabar da Lahadi na biki ne, kuma yawancin Islamiyyun matan aure a ƙarshen mako suke cika. Mu Alhamis muka tsayar, saboda yawancin makarantun allo da Islamiyyun yara ba su zama ran nan, ana samun manyan yara a gida su kula da ƙannensu. Lokaci kuwa, huɗu da kwata, bayan kowa ta yi La'asar a gidanta, a tashi shida daidai. A Nuwamba da Disamba ba a kai shida da rabi ake kiran Magariba, kuma macen da Magariba ta riske ta a waje sau biyu, na uku ba lalle a bar ta ta fito ba. Tashi a kan lokaci shi ne rabin zaman lafiyar ƙungiya da mazan unguwa.

Mataki na uku: wuri da sallama

Wuri ɗaya tak, duk zangon. Mun gwada zagayen gida-gida, sai ya koma gasar girki: wadda ta karɓi baƙi ta yi waina da miyar taushe, ta gaba ta ga dole sai ta yanka kaza, ta ukun ta ce ba ta da lafiya. Ajin makarantar firamare ko na Islamiyya bayan an tashi ya fi komai, akwai allo, akwai benci, akwai ban ɗaki. A nemi izini a rubuce wurin hedimasta, a bar masa kwafin jadawali, a share ajin kafin a tafi. Ku duba cewa mai Keke Napep ko kabu-kabu zai iya kaiwa har ƙofa.

Kafin zama na farko, shugaba da dattijuwa ɗaya su je su gaida mai unguwa, su miƙa masa jadawalin. In akwai hali a leƙa wa limamin unguwa ma. Ba wai sai sun ba da izini za ku koyi haɗa ruwan gishiri da sukari ba, amma ranar da wani ya tashi cewa “matan nan mi suka taruwa yi?”, akwai mai amsa masa. Kowace 'yar ƙungiya kuma a ba ta jadawalin a takarda guda ta kai wa maigida, ya ga ranaku takwas ɗin da batutuwansu tun farko. Neman izini sau ɗaya ya fi na kowane mako sauƙi.

Mataki na huɗu: kuɗi

A nan ba zan daɗe ba. Ku lissafa abin da zama ɗaya zai ci: ruwan sha, kuɗin motar baƙuwa, ɗan tukuicinta, buga takardu, katin wayar sakatariya. Ku ninka da yawan zaman, ku ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda tashin farashi, ku raba wa 'yan ƙungiya su biya kafin a fara ko kashi biyu. Kuɗin taro daban, kuɗin adashi daban, kuɗin gudummawar biki da rasuwa daban, kowanne da littafinsa. Ranar da aka ranci na adashi aka sayi lemon baƙuwa, ranar aka shuka rigima. In kuɗinku sun fara kauri, ku yi rajista da ƙaramar hukuma ko ma'aikatar harkokin mata ta jiha, ku tambayi banki takardun da yake buƙata, ku buɗe asusu da sunan ƙungiya wanda sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu kuɗi ke fita. Ma'ajiya ta karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a kowane zama, ko da naira ɗari biyu ce.

Mataki na biyar: nemo baƙuwa

Ga inda aikin yake. Ƙa'idar ita ce, batu ne ke nemo mutum, ba mutum ke zuwa da batunsa ba. Kuma mai yin aikin da hannunta ta fi shugabar masu yin sa amfani a gare ku. Ungozomar asibiti da ke karɓar haihuwa kullum ta fi babbar darakta sanin abin da matan unguwa ke ɓoyewa, ta fi ta zuwa da wuri, kuma ba ta zuwa da 'yan rakiya goma da za a ciyar.

Sakkwato ba ta rasa masana ba. Don lafiya akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha wanda aka sani da aikin yoyon fitsari, ga kuma ƙaramin asibitin unguwarku wanda ya fi kowanne kusa. Don gado da aure da zakka akwai malamai mata a jami'a da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da manyan Islamiyyu, akwai 'yan FOMWAN (tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya), akwai Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Don shari'a akwai ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA. Don takardar haihuwar yara akwai Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Don sana'a kuwa, kada ku raina ta kusa: matar da ta shekara ashirin tana sarin albasa lokacin kaka tana adanawa har ta yi tsada, ko mai ƙuli-ƙulin da ta aurar da 'ya'ya huɗu da shi, malama ce.

Yadda ake gayyata: a fara da mako huɗu kafin ranar. Mutum biyu su je ƙafa da ƙafa, kada a tsaya ga waya. In ma'aikaciyar gwamnati ce, a rubuta wasiƙa ta hannun shugaban wurin aikinta, domin ta sami izinin fita kuma kada zuwanta ya zame mata laifi. Wasiƙar ta faɗi ko ku su wane ne, ku nawa ne, rana, lokacin farawa da na tashi, da kwatancen wuri. Ku faɗi gaskiyar abin da za ku iya bayarwa: “Hajiya, ba mu da kuɗin biyan ki, sai dai kuɗin mota da godiya.” Wadda za ta ƙi saboda wannan gara ta ƙi tun yanzu.

In ta amsa, sai a ba ta abubuwa huɗu, a takarda ko a saƙon murya. Na ɗaya, ainihin tambayoyin da suka fito daga kwano, yadda aka rubuta su. Na biyu, cewa da Hausa za a yi, kuma akwai waɗanda ba su yi boko ba, kalmar Turanci in ta zama dole a fassara ta nan take. Na uku, minti ashirin ne nata, sauran lokacin na tambaya ne. Na huɗu, wanda ya fi duka: ta zo da abin da za a gani ko a taɓa.

Bari in nuna abin da nake nufi. Malamar da ta yi mana darasin gado da dabino ashirin da huɗu ta zo, a cikin leda. Ta zube su a faranti ta ce, ga dukiyar mamaci bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya. Ya bar mata, da 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa sun riga shi. Ta ware dabino uku ta ce wannan shi ne tumuni, ɗaya cikin takwas, rabon mata tunda akwai 'ya'ya. Ta ɗago ta dube mu ta ce, in matan uku ne, ukun nan za su raba, kowa ɗaya. Wuri ya ɗauki salati da dariya. Sauran ashirin da ɗaya ta ba kowane namiji shida, kowace mace uku. Sannan ta kwashe ta sake zubawa: in babu ɗa ko jika fa? Sai matar ta ɗauki rubu'i, dabino shida. Ta kira mata uku suka fito suka raba da hannunsu, aka canja musu magada suka sake. Har yau in maganar gado ta taso a unguwa sai ki ji an ce “ɗauko dabino”. Ta kuma ja kunnenmu cewa wannan don mu gane ne, rabon gaske sai an je gaban malami ko alƙali, domin magaji ɗaya da aka manta yana sauya lissafin duka.

Haka nas ɗin da ta zo da na'urar awon hawan jini. Maganarta ba ta kai minti goma sha biyar ba, sauran lokacin layi aka yi tana aunawa tana rubuta wa kowa nata a takarda, waɗanda nasu ya hau ta ce su je asibiti a sake dubawa, kada su sayi magani a kemis da ka. Biyu daga cikin masu jirin nan na kwano a ranar suka san abin da ke damunsu. Wata kuma ta haɗa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi a gabanmu, ta nuna yadda ake karanta yawan ruwan a jikin ƙunshin, ta rubuta ranakun rigakafin yara a allo: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, wata 15. Kowa ta kwafa, waɗanda ba su rubutu aka kwafa musu.

Ku daidaita batu da lokacinsa. Maganar sanƙarau da kwana a ɗaki mai iska a yi ta a ƙarshen zango, gab da shigowar zafi. Maganar zakka da lissafin jari kafin azumi. Maganar adana albasa da busar da tumatir da tattasai lokacin da kayan lambu suka fara cika kasuwa.

Baƙo namiji fa? Ana iya gayyata, in batun ya buƙaci haka, kamar alƙali mai ritaya ko jami'in hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA. Amma a rubuta a jadawali tun farko cewa namiji ne, a yi a makaranta ba a cikin gidan wani ba, tambayoyi kuma duk a takarda. Abin da ya shafi haila da haihuwa da zaman aure, mace za ku nema, ko da za ku jira ta wata biyu.

Mutum uku nake ba ku shawara ku yi hattara da su. 'Yar siyasa, domin rana ɗaya da atamfa goma na iya raba ƙungiyar da kuka shekara biyar kuna ginawa, musamman in zaɓe ya matso. Mai talla da ta shigo da rigar malanta: mun taɓa gayyatar wata ta koya mana tanadi, ashe mutane take nema wa wani tsarin “zuba dubu goma ki kwashi ashirin”. Allah Ya sa ma'ajiyarmu ta miƙe ta ce ba a karɓar kuɗin kowa a wurin taro, in ba haka ba da mun yi kuka, don bayan 'yan watanni masu tsarin suka yi layar zana. Tun ranar muka sa doka: baƙuwa ba ta sayar da komai, ba ta karɓar lambar wayar kowa sai ta hannun sakatariya. Na uku, mai wa'azin da ba ta iya magana sai ta taɓa wani ɓangare. A ƙungiyar unguwa akwai 'yar ɗariƙa, akwai 'yar Izala, wani lokaci akwai maƙwabciya Kirista. A gaya wa malama a fili cewa a tsaya kan abin da ya haɗa mu.

Saura mako ɗaya a kira a tuna mata. Ana gobe a sake kira. Ranar taro da azahar a tura yarinya ko amintaccen mai Keke ya ɗauko ta, in ba ta da mota. Kwatancen “bayan gidan mai, kusa da mai shayi” ya sha ɓatar da baƙi a lungunan Mabera.

Mataki na shida: ranar taro

Mutum uku su riga kowa zuwa da rabin sa'a: mai shimfiɗa, mai ruwa, mai tarbar baƙuwa. A shimfiɗa tabarma a gaba don dattawa da masu goyo, benci a baya. A ware 'yan mata biyu da tabarma a inuwa can gefe su riƙe yaran da suka fara tafiya, a saya musu biskit daga kuɗin taro. Wannan ƙaramin abu ne, amma shi ke sa a ji abin da baƙuwa ke faɗa.

Huɗu da kwata a buɗe da addu'a, ko mutum bakwai ne suka zo. Sau biyu za ku yi haka, na uku za ku ga an cika kafin lokaci. Sakatariya ta karanta taƙaitaccen abin da aka yi a zaman baya, minti biyar. Gabatar da baƙuwa kada ya wuce jimla uku: sunanta, aikinta, abin da ya sa aka kira ta. Ba wurin kirari ba ne. Mai kula da lokaci ta zauna inda baƙuwa ke ganinta, in saura minti biyar ta ɗaga mafici. A gaya wa baƙuwar wannan alama tun kafin a fara, don kada ta ga an yi mata rashin kunya.

Lokacin tambaya kwano ya sake zagayawa. Sakatariya ce ke karantawa, kuma in ta gane rubutun wata, ta haɗiye. A fara da na takarda kafin na baki, in ba haka ba mata biyu masu baki za su cinye lokacin da labarin jikokinsu. Wadda matsalarta ta fi ƙarfin fili, a ba ta minti biyu da baƙuwa a gefe bayan an tashi.

Saura kwata a tashi, sai a yi abin da muke kira tambayar Inna. Shugaba ta nuna mata biyu ko uku, ba waɗanda suka yi boko kaɗai ba, kowace ta faɗi abu ɗaya da za ta kai gida. In an faɗa daidai, madalla. In an karkace, baƙuwa na nan ta gyara. Nan ne muka taɓa gano cewa rabin ɗakin sun fahimci wai in jiri ya tafi an daina shan maganin hawan jini, nas ɗin ta dafe kai ta sake bayani daga farko.

Ciye-ciye: ruwa da zoɓo ko kunun zaƙi sun wadatar, kuma a ƙarshe ake rabawa. Hoto: a tambaya kafin a ɗauka, wadda ba ta so ta koma gefe, kuma kada a sa hoton matan aure a Facebook don an ga taro ya yi kyau. Tukuicin baƙuwa a sa a ambulan, a ba ta a keɓe wajen rakiya. In ta ƙi karɓar kuɗi, turaren wuta ko ɗan kilishi ko jakar fata ta dukawan garin nan ba a mayar da su.

In baƙuwa ba ta zo ba

Za a yi haka, ko sau ɗaya a zango. Rasuwa, aikin gaggawa, ko mantuwa kawai. Kada a sallami mata, kada kuma a zauna jiran gawon shanu. Tun farkon zango ku tanadi 'yan gida biyu da darasinsu a hannu: mai iya haɗa sabulun ruwa da kayanta a ajiye, ko malamar makarantar da za ta nuna yadda ake duba littafin yaro a gane ko yana fahimta. In huɗu da rabi ta yi babu labari, 'yar gida ta hau. Baƙuwar in ta iso daga baya a karɓe ta da fara'a, a ba ta abin da ya rage na lokaci, amma shida na yi a tashi.

Mataki na bakwai: tsakanin zama da zama

Daren ranar, sakatariya ta yi saƙon murya na minti uku ta tura zauren WhatsApp na ƙungiya: ga abin da aka koya, ga abin da aka ce kowa ta yi, ga ranar zama na gaba. Murya, ba rubutu ba. Waɗanda ba su da babbar waya, a raba su ga maƙwabtansu, kowace mai waya ta ɗauki biyu ta je ta kunna musu. Jajin zamani ke nan, ba malfa. Washegari a kira baƙuwa a yi godiya, bayan mako biyu a sake gaya mata abin da ya biyo baya, misali mata nawa suka je awon. Wadda aka gaya wa amfanin zuwanta ba ta ƙin dawowa, kuma ita za ta haɗa ku da ta gaba.

A sami babban littafi mai bango mai ƙarfi. Kowace baƙuwa da shafinta: batunta, ta wace hanya aka same ta, ta zo da wuri ko ta makara, an gane maganarta ko ba a gane ba, a sake kiranta ko a'a. A rubuta gaskiya, amma da lafazin da ko ita ta gani ba za a ji kunya ba.

Rufe zango

Zama na takwas ba baƙuwa. Wasu ƙungiyoyin sukan yi fita, su je Hubbaren Shehu inda Nana Asma'u ma take kwance, ko gidan adana tarihi na Waziri Junaidu su ga tsofaffin rubuce-rubuce da kayan tarihi. In za ku yi haka ku tambayi ra'ayin kowa tukuna, kada a tilasta wa wadda ba ta so, kuma ku je tun da safe. Mu dai a ajinmu muke rufewa. Ma'ajiya ta karanta lissafin zango duka, a nuna abin da ya rage a fili. A tambayi mata wane zama ya fi amfani, wanne ne ɓata lokaci, a rubuta. In za a canja shugabanni a yi a ranar, tsohuwar sakatariya ta miƙa littafi da kalanda da ragowar takardun nan da aka ɗaure da roba, a gaban kowa.

Sannan kwano ya zagaya na ƙarshe, don zango mai zuwa. A rufe shi, a ɗaure da ɗankwali, a ba dattijuwar da ba ta karatu ta ajiye har bayan babbar Sallah. Namu yana wurin Inna, a ƙarƙashin gadonta, cikin tsohuwar kwallar aurenta.